Aron Cokali Ɗaya

Ƙarfe uku na dare, Aboabo ta yi tsit,
sai karnukan bakin kwata da tarin mai gadi.
Na ƙwanƙwasa ƙofar langalanga
da kwalba a hannu, wayam.

Shekara biyu ina kiwon su a ɗakin bincike,
kowanne da lambarsa, kowanne da suna
dogo kamar layin mota a Kejetia.
Na san ɗumin da suke so, na san awa nawa.
Sai wuta ta tafi ran Alhamis,
janareta ya yi tari biyu ya cika.
Ran Litinin na buɗe firji:
maƙabarta a jere,
da rubutun hannuna a kan kowane kabari.

Inna Barikisu ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ɗaga tsumman bakin tukunya,
tsami ya taso ya gaishe ni
kamar dangin da na daɗe ban leƙa ba.
“Ga ta nan,” ta ce, “tsohuwar ba ta barci.”
Ƙullu yana numfashi.
Ƙananan idanu suna buɗewa a fuskarsa, suna rufewa.

Tukunyar nan ta girme ni.
A ka aka ɗauko ta daga Salga.
Ta ga ranar da sidi ya zubar da sifilinsa,
ta binne miji, ta yaye ’ya’ya shida,
ba ta taɓa kwana da yunwa ba:
tafin gari, ruwa mai ɗumi kaɗan,
a ɗiba a mayar,
wanda ya ci bashi ya biya kafin hantsi.

Na ce, “Inna, kin san abin da ke ciki?
Halittu ne, ’yan sanduna da ido ba ya kamawa,
dubbai a kan tsinin allura.
Su ke cin zaƙin gari su mai da shi tsami.
Ƙwayar hatsi marowaciya ce:
tana da ƙarfe, tana da tutiya, tana da abin gina ƙashi,
amma ta kulle su a dusa ta haɗiye makulli.
Sai tsami ya kwana da ita yana lallashi
kafin ta sake hannu.
Shi ya sa nake son haɗa alkama da gero da waken suya,
yaran da cikin idonsu ya yi fari fat
su tsinci jini a burodin shayi.”

Ta yi dariya har ta dafa bangon tanda.
“Abin da suka karɓi kuɗinki suka faɗa miki ke nan?
Ni dai na san burodin gaggawa, na yis ɗin leda,
iska ce sanye da farar riga.
Kafin la’asar ya gaji, kafin gata ya tsiro gemu.
Nawa kuwa tambayi Munkaila mai shayi.
Abin da bai kwana ba, me zai ba da labari?”

Ta nutsa cokalin katako, ta ɗago,
ƙullu ya miƙe kamar ba ya son rabuwa da gida.
Na zaro kuɗi. Ta kalle ni, na mayar.
“Ba a sayar da ita. Aro ake yi.
In ta haihu a wurinki, ki dawo mini da jika.
Kuma kar ki sa ta a sanyin nan naku
da ke jiran izinin ma’aikatan lantarki.”

An yi kiran assalatu. An zaro tiren farko,
ƙamshi ya riga ’yan talla fita layi.

Yanzu ina cikin motar farko,
kwalba a cinyata, na sassauta murfi don ta sha iska.
Kwandasta yana ihun sunayen unguwanni.
Na ciro alƙalami da ’yar takardar mannawa.
A gurbin lamba hannuna ya tsaya.
Mota ta faɗa rami, ƙullu ya motsa.
Na rubuta: Barikisu, Aboabo. A ciyar da ita da safe.