Ɗakin Haya a Janbulo

Na sauka Kabuga da jaka ɗaya
da kwatance a bayan takardar magani.
Mai adaidaita ya ji bakina,
ya ninka kuɗi. Na biya.
Ban iya ciniki ba tukuna.

Makon farko na ɓata sau uku
tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa,
ina tambayar ɗakin karatu
kamar mai cigiyar akuya.

Iya Dudu, mai gurasa a Ƙofar Famfo,
ta hana ni cin ta a bushe.
Ta yayyafa ruwan ɗumi, ƙuli, mai, yaji kaɗan.
"Haka ake cin Kano, 'yar nan,
sai ta jiƙa."

Yanzu na san inda darbejiya ke ajiye inuwarta bayan lacca,
na san ranar da famfon layinmu ke tunawa da mu.
Daga kan Goron Dutse na gano rufin ɗakina,
kwano mai tsatsa cikin dubu.

Jiya wani yaro da akwati ya tare ni:
"Don Allah, ina Rijiyar Zaki?"
Hannuna ya riga bakina amsawa.