Wa Ke Auna Ma'auni?

A sito na riɗi a Gagarawa
akwai na'ura, ba ta fi sandar sabulu ba.
A zuba mata riɗi a baki,
ta faɗi damshin da ke ciki.
In ta ce bakwai, a ƙirga maka kuɗi.
In ta haura takwas, koma ka shanya.

Ran Talata ta ce wa Ilu takwas da rabi.
Ya ɗaure buhunansa a amalanke bai ce uffan ba,
sai da shanu suka miƙe ya waigo:
"Barira, ita wa ke auna ta?"

Daren nan ban runtsa ba.

Da hantsi na ɗebi riɗi a ƙoƙo goma,
na sa wa kowane lamba a gindi, inda ido ba ya kai.
Na kira Lawandi, na kira Sale mai ɗinkin buhu,
ni ce cikon ta uku.
Kowa ya auna kowane ƙoƙo sau uku
ba tare da sanin wanda ya riga ya taɓa ba.
Awo casa'in. Biro ya ƙafe, na ari fensir.

Lawandi na danna riɗi kamar mai cusa auduga a matashi,
Sale na zubawa sako-sako, tafinsa duk gumi.
Ƙoƙo ɗaya, a hannun wannan bakwai,
a hannun wancan takwas.
Ni ma ƙoƙo na huɗu ya yi mini baki biyu
da kwano ya ɗau zafin azahar.

Sai na fasa kwalbar da aka aiko daga Dutse,
wadda aka san damshinta shida cif.
Na'ura ta ce bakwai da ɗigo biyu.
Na sake. Ba ta janye ba.
Ashe ƙarya ma tana iya tsayawa kan magana ɗaya.

Kakata ta sayar da gero a Maigatari.
In mudunta ya lotsa, ba ta kwana
sai ta kai shi an daddaƙe gindin.

Na sauya batir, na saita ta da kwalbar,
na koya mana zubi iri ɗaya, mu ukun.
Sannan na buɗe littafin kaka
na ƙirga waɗanda muka mayar gida.
Mutum goma sha bakwai.

Lawandi, ara mini babur.
Da gidan Ilu zan fara.