Idon Aro

Kwana tara muka yi a ƙauyukan Tangaza,
da rana muna cire yana daga idon tsofaffi,
da dare Malam Ɗalha na wa'azi a gindin bedi.
Ran na goma shugaban ayari ya ce,
"Yau babu allura, babu auduga,
yau yawon buɗe ido za mu cikin Sakkwato."
Muka yi dariya,
mu da muka gaji da buɗe na mutane.

Ni dai da saƙo na shigo birni.
Akwai ido ɗaya da ya gagare mu, na Baba Magawata.
Likita Baraka ta haska, ta sake haskawa,
ta kashe tocila, ta ce jijiyar ta mutu.
Tsohon ya gyara zama bisa tabarma,
"Ba komi, ɗiyata. In kun tai birni ki gano mani.
Rabona da shi tun ina kai albasa bisa jaki."

To, Baba, ga Hubbare.
Mun tuɓe takalma, ƙasa ta gasa mana tafin ƙafa,
wata mata daga Nijar tana addu'a tana kuka a hankali,
na rasa abin roƙa, sai na roƙa maka.

Ga shiyar Madunka.
Warin jima ya tare mu tun kafin mu sauka mota.
Tasalla ta taya jaka har sau huɗu,
ta tafi, ta dawo, ta saya a kuɗin farko.
Wani dattijo yana huda jar fata da basilla,
bai ko kalli hannunsa ba.
Na ce a raina, wannan aikin da ka iya shi ko a duhu.

A kasuwa rana ta tsaya a tsakar ka.
'Yan kabu-kabu kamar an tashi zuma.
Mai hura ta ce mini, "Mi kika so?"
na ce ta dama ta ɗari biyu, kada ta sa sikari.
Sa'adu direba ya ɓace wajen masu kilishi,
sai da muka yi cigiyarsa kamar ɗan akuya.

Kowa na ɗaukar hoto.
Ni ma na ɗaga waya a ƙofar fada,
sai na tuna wanda zan nuna wa.
Na mayar da ita jaka.

Da la'asar sakaliya muka tsaya gadar Kwalkwalawa.
Rima ya ja baya, ya bar wa masu lambu gefensa,
injin ban-ruwa na tari,
yara na wanke babur suna watsa wa juna.
Nan na kira lambar jikanka Lawwali.
Sau uku layi na yankewa, a na huɗu ya shiga.

Na zuba maka birni duka a kunne,
fitilun kan titi, benaye, shataletale,
na ɗaga wayar sama don ka ji hon ɗin tirela.
Ka yi shiru har na zaci kati ya ƙare.
Sannan ka ce,
"Tsamiyar nan ta bakin Ƙofar Kware,
inda muka ɗaure jakkai, tana nan?"

Ta nan muka shigo, Baba.
Ina ƙirga canjin da ya rage a jakata.
Na ce, "Ban duba ba."
Dariyarka ta zo da tari a ciki:
"Ashe yawon rufe ido kunka yi."

Da asuba mota za ta kama hanyar Gusau,
daga can sai gida.
Na roƙi Sa'adu ya zaga da mu ta Ƙofar Kware.
Ya ce ba hanyarmu ba ce, kuma mai ya yi tsada.
Na miƙa masa canjin jiya.
Yana ƙirgawa, bai ce e ba tukuna.