Kuɗin Yashi

Shekara talatin da huɗu ina ɗibar yashi a Gulbi,
ni da amalanke da bijimai uku, ɗaya bayan ɗaya.
Rabin katangun unguwar Zariya
ta kafaɗata suka bi kafin su tsaya.
Yanzu gwiwa ta ƙi,
ƙugu na kuka kamar ƙyauren da ya manta mai,
farcen babban yatsa ya tsage tun damina, ya ƙi haɗewa.

Sai Barira, autata, ta dawo daga Kwatano
da wata kwalba da ba ta kai tafin hannu ba.
Jikka tara, in ji ta.
Na ce, maimaita.
Ta ce, Baba, don ƙashi ne, da farce, da gashi.
Na shafa kaina, babu gashin da za a yi wa hidima.

Ban sha ba. Na sa ta a aljihu, na tafi farmasi
wajen Sha'aibu, ɗan da na kai wa ubansa yashi bashi
lokacin da suke ginin ɗaki biyu a Bagalam.
Ya ɗaga kwalbar ga haske, ya karanta faransancin,
sai ya yi dariya har ya dafa kanta.
Silisiyom, ya ce. Can ƙetaren iyaka silikon suke cewa.
Baba Illo, ka san ko mene ne?
Shi ne uwar yashin da kake sayarwa.

Na lissafa a tsaye.
Amalanke cike, jikka biyu, in mai gini bai yi ciniki ba.
Ashe ni arha na yi ta zubar da magani a ƙofar mutane.
Na ce, to in koma Gulbi da cokali?

A'a, in ji shi, hanji ba ya karanta yashi.
Sai ruwa ya lallashe shi shekara da shekaru,
saiwar gero ta tsotsa kaɗan kaɗan,
ta hau da shi kara, ta ajiye a bawon tsaba.
Shi ya sa ganyen gero ke yankan hannu.
Akwai shi a ruwan rijiya, akwai a ɗanyen wake,
amma ya fi son dusa.

Na ce, kuma yana gyara gwiwa?
Ya ɗan yi shiru, irin shirun mai tsoron Allah a bayan kanta.
Masu bincike na ganin yana da hannu a ginin ƙashi, ya ce,
amma ba su gama awo ba.
Ban taɓa ganin wanda rashinsa ya kwantar ba.
Gwiwarka kuwa shekara talatin da huɗu ce,
ba kwalbar da za ta biya wannan bashin.
Ka je asibiti a duba.

Da na shigo gida, Hurera na surfe.
Ta bushe, ta tara dusar a ƙwarya,
ta kai wa jar akuyarta mai ƙahon ƙarfe,
mai kofato kamar sabon takalmi,
wadda ba ta taɓa cewa wash ba wajen tashi.
Na tsaya ina kallon dabba tana cin jikka tara.

Na ce, daga yau ki rage surfen.
Ta ce, tuwon zai yi duhu, kai ne kuma za ka fara magana.
Na ce, ya yi.
Ta ce, akuyar fa?

Kwalbar na nan kan taga, ban buɗe ba.
In Barira ta kira, ina cewa da sauƙi.
Wani lokaci da dare nakan girgiza ta kusa da kunne:
ƙarar shebur ce a bakin Gulbi da asuba,
sa'ad da gwiwar nan tawa ce.