Ranar da Gida Ya Yi Iyo

A tsibirinmu na Chiloé
gida ba ya rantsuwa da ƙasar da ya tsaya a kai.
In zama ya ƙare, sai a kira maƙwabta,
a zura gungume ƙarƙashin daɓen katako,
a ɗaura bijimai goma sha biyu,
a ja shi zuwa teku kamar akuya mai gardama.

Yau na mahaifinka ake ja, Baltazar.
Ka sayar wa wani malamin makaranta a Quinchao.
Zuwanka na sa hannu ne kawai,
ka koma arewa inda ake haƙar tagulla,
inda ka ce shekara tara ruwan sama bai taɓa wuyanka ba.
Ni an sa ni cikin masu girki,
ina jera dankali da kifi kan duwatsu masu zafi,
ƙaurin yana tayar mini da zuciya,
ina haɗiye yawu, ina yi wa mata dariyar yaƙe.

Wata huɗu ke nan.
Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da sandar saƙa.
Daren da aka binne tsohon
ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, rigarka sharkaf,
wai aron ashana.
Ashanar tana nan bakin taga.
Har yau ba wanda ya ƙyasta.

Shekarata arba'in da ɗaya.
Likitar Castro ta taɓa ce mini in cire rai,
takarda take kallo, ba ni ba.
Na cire.
Na saƙa wa 'ya'yan mutane safa ƙanana,
ban taɓa ɓoye ko ƙafa ɗaya ba.
Da na koma mata watan jiya
sai ta cire tabarau, ta goge, ta mayar,
ta ce, Nélida, zauna tukuna.
Ai kuwa a zaune nake.

An kwance bijimai, teku ya cika.
Gidan ya ɗan yi tangaɗi, sannan ya tashi,
tagoginsa biyu suna kallonmu
kamar bai gane wa ya sayar da shi ba.
Ka tsaya gefena, kana murza hula.
Furfura ta fara cin gemunka ta hagu.
Na miƙa maka kwano.
Ka ce, kin yi ƙiba.
Na ce, mu biyu ne ke ci.

Ka kalli kwanon. Ka kalli teku.
Ka kalli inda ya kamata tun farko ka kalla.
Cokali ya faɗi cikin yashi,
ba wanda ya sunkuya.

An ce da tsohuwar zuma ake magani.
Wanda ya faɗa bai ɗanɗani tamu ba:
akwai ƙudan da ya mutu a ciki,
akwai wasiƙa uku da ban amsa ba,
da ta huɗu, wadda ba ka rubuto ba,
ita na fi jira.
Ban ce ka zauna ba.
Wanda ke cikina ma bai nemi izinin kowa ba,
ya zo ne kamar ruwan tsibirin nan,
ana tsaka da shanya.

Can gidanku ya zama ɗigo a kan ruwa.
Ka ce, yanzu ba ni da rufi.
Na ce, nawa yana yoyo ta wajen murhu.
Ka ce, kina da tsani?

Jirgin fito na ƙarshe ƙarfe bakwai yake tashi.
Ya yi kuka sau ɗaya, ya yi na biyu.
Kana tsugune kana feraye dankali,
kana yanke rabin naman tare da ɓawon
kamar yadda ka saba.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai wani abu ya motsa ƙasan haƙarƙarina,
ɗan kaɗan,
kamar kifi ya juya cikin kwando.