Jan Layi

Lauya Tegwen Prys ta miƙo mini fom mai shafi goma sha shida
a ofishinta, saman shagon mahauci a Dolgellau,
garin da ruwan sama ba ya yi wa kowa sallama.
Ta ce, "Cike duka, Eirlys. Abin da ba ki sani ba,
rubuta ba ki sani ba. Kada ki yi wa takarda kara."

Na zauna a teburin kicin ɗin Baba,
wata huɗu da binne shi.
Labule: zai tafi ko zai zauna?
Murhu, kafet, ƙwan fitila, ƙugiyar rataye kwat,
kowanne da ɗan gidansa na sa alama.
Ba su bar gurbi ba don tsage-tsagen jikin ƙofa
inda ake auna tsayina duk shekara
har na kai sha uku na ce na girma.

Ruwa ya taɓa shiga gidan? Sau biyu.
An canja tagogi? An canja,
takardar shaida kuwa sai a tambayi ɓeraye.
Masu saye na jira, su ma jiran mai sayen nasu suke,
shi kuma wancan yana jiran banki,
mu biyar a jere, kowa riƙe da gefen rigar na gabansa.

Sai tambaya biyu suka tare ni:
Shingen hagu na wane ne?
An taɓa rigima da maƙwabci?

Na ajiye biro na ɗora ruwan shayi.
Shekara talatin da ɗaya Baba da Idwal Meredith
suna kan shingen nan.
Baba ya aske shi ran Asabar,
Idwal ya sake aske shi ran Lahadi, bai ko cire rigar coci ba.
Wasiƙunsu sun cika gwangwanin biskit biyu,
alhali tsakanin ƙofa da ƙofa bai kai jifa ba.

Tegwen ta warware tsohuwar taswira ta 1931,
takarda ta yi launin shayi, jan layi ya zagaye fili.
Ta ɗora ma'auni, ta yi lissafi a bayan ambulan.
"Kaurin bakin alƙalamin nan, in an sauke shi ƙasa,
taku ɗaya ne da rabi.
Shingen duka yana cikin tawada."

Wato wani akawu da ya daɗe da zama ƙasa
ya ɗan danna hannu,
maza biyu suka yi furfura a kai.

"Lauyan masu saye ba zai karɓi tawada ba," in ji ta.
"Sai maƙwabci ya sa hannu."

Na kwana uku ina kewaya ƙofar Idwal.
Da na ƙwanƙwasa, ya karanta a tsaye, sau biyu,
tabarau a ƙarshen hanci, tsohon kare na jingine da ƙafarsa.
Ya dafa takardar a bango ya sa hannu.
"Naku ne. Ina ɗan shekara bakwai
na ga kakanki yana dasa shi."

Na buɗe baki, magana ta ƙi fitowa.

"Tun da Menna ta rasu," ya ce,
"wa zai fito da sassafe ya kira sunana da ƙarfi?"

Ran Juma'a, sha biyu da minti arba'in, kuɗi suka faɗa.
Tegwen ta bugo: "An gama. Kai makullai."
Uku ne: na gaba, na baya,
da wani ƙarami da ba wanda ya san abin da yake buɗewa.
Na sa shi a aljihu, ba ya cikin fom.

Ina tayar da mota na ji ƙas, ƙas, ƙas.
Idwal ne da almakashi,
yana aske shingen da ba nasa ba,
a hankali,
ido a kan motar kayan sababbin maƙwabta.