Kunun Shika

Da an sallame Asuba nake jawo shi daga zaure,
keken da na saya shekarar da aka haifi Sagiru.
Yau Sagiru yana da gemu, keken yana da tsatsa,
ni kuma ina da gwiwa mai kuka kamar ƙyauren langa-langa.

Filas ɗin kunun gyaɗa a kan kariya,
na ɗaure shi da tsohon tiyub, zagaye uku.
Kuluwa tana kwance a Shika, gado na sha ɗaya, jikin taga.
Kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai na allura biyu.
Na buga lissafin a bayan katin asibiti,
lissafi ya ce: Tanimu, ka taka.

Sanyi kuwa bai san dattijo ba.
Safar ƙafa na zura wa hannuwana,
tsohuwar jarida na shimfiɗa a ƙirji ƙarƙashin riga.
Ƙofar Doka, masu shayi suna hura wuta.
Tudun Wada, ana ɗaga ƙofofin shaguna ɗaya-ɗaya.
A gadar Kubanni iska takan shiga kunnena
ta fito ta haƙori.
Ba na tsayawa. In ka tsaya, kunu ya huce.

Rana ta tara, kaca ta tsinke a Kwangila,
daidai inda tireloli ke numfashi a wuyan mutum.
Na tura shi har gindin dalbejiyar Jatau mai faci.
Bai tambaye ni daga ina ba,
ya kifa keken, ƙafafu sama kamar akuyar da za a yi wa magani,
ya murza feda, ya kasa kunne.
Ya ce, “Baba, boris ɗinka ƙishirwa suke ji.
Ƙarfe ma yana son a tuna da shi.”
Ya ɗiga baƙin mai daga robar magani,
ya ƙulla kacar da ƙusa da guduma,
ya tsoma tiyub a kwanon ruwa
har kumfa ta tona asirin wata ƙaya.
Na miƙa ɗari biyu, ya dubi filas ɗin,
ya ce, “Wa ke kwance?”
Ya mayar mini da ɗari.

Daga Samaru hanya takan miƙe, ta ƙi ƙarewa.
A nan nake ƙirga itatuwa,
in sun ƙare in ƙirga bashi,
in ya yi yawa in koma salati.
Cinya tana wuta, yatsu suna ƙanƙara,
jiki ɗaya, gari biyu.

Takan ce, “Ka zo da sanyi a rigarka, matsa can.”
Sannan ta riƙe hannuna a cikin nata
har sai yatsun sun tuna sunansu.

Kwana arba'in da ɗaya.
Faci bakwai, sifok huɗu, robar birki sau biyu,
rami biyu na ƙara wa bel ɗina.
Ranar sallama Sagiru ya ɗauko mota.
Ni na biyo su a baya, kariya babu kaya,
keken yana ta rawar kai kamar maraƙin da aka kwance.

Washegari aka sallame Asuba,
sai ga ni a zaure, safa a hannu,
ban san inda za ni ba.
Ƙafa ta riga ta koyi abin da ba ta iya mantawa.
Daga ɗaki na ji muryarta, siririya, tana dariya:
“To, tunda ka ɗaura niyya,
ga filas nan na cika.
Ka kai wa mutumin Kwangila
tun bai huce ba.”